Laftof ɗina ta tsufa, in gyara ko in rufe ido in ɗauki sabuwa?

Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min da shawara don wlh na gaji. Laftof ɗina tun ina makaranta nake fama da ita, yayana ne ya bar min, yanzu ta kai matakin da in na kunna ta sai in tashi in share ɗaki in dawo ba ta gama buɗewa ba, jiya na duba agogo minti 4 da wani abu kafin in iya taɓa komai. Ga fanka tana ta kuka ba hutu, ga zafi in na ɗora ta a cinya, batir kuma minti 40 ya ƙare. Ni kuma na fara ɗan aiki ne daga gida, shigar da bayanai da buga takardu, wata na biyu kenan, kuma ita ce jarina gaba ɗaya. Na ga wata sabuwa ana biya kaɗan-kaɗan duk wata, raina ya biya sosai, amma da na zauna na lissafa sai na ga shekara guda zan yi ina biya kuma a ƙarshe abin da zan bayar ya zarce kuɗinta na asali nesa ba kusa ba. To in gyara wannan ne ko in haƙura in ɗauki waccan?

Ɗan Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a yi maganar saye ko gyara sai mun san me ke damunta tukuna, don ba a ba da magani ba a ga mara lafiya ba. Ki danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance. Ki faɗa min sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, RAM nawa ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, sannan ki kalli wajen Disk lokacin da take wannan nauyin ki ga kashi nawa yake nunawa.

Auta:
Na duba Yaya. i5-4200U, RAM 4GB, wajen Disk kuma 100% yake nunawa ya ƙi sauka ko kaɗan alhali ban buɗe komai ba, firosesa kuwa bai wuce 20% ba.

Ɗan Gyara:
Shi kenan ai ta faɗa miki ciwonta da bakinta. Firosesa yana zaune yana jira ne, faifan ajiya ne ya kasa kawo masa aiki. Tsohon HDD ne a ciki mai faranti yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu kamar allura yana yawo a kai yana neman fayil, in ya yi ƙoƙari ya ba ki kusan 100MB a daƙiƙa, wannan ma in babban fayil guda yake karantawa. Amma lokacin kunnawa dubban ƙananan fayiloli ake nema a warwatse, nan ne yake durƙushewa. SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba abin da ke juyawa a cikinsa, na SATA mai shiga gurbin tsohon faifan yana kai wajen 500 zuwa 550MB, kuma ƙananan fayilolin nan da suke wahalar da HDD shi ko a jikinsa. Ki sayi SSD mai inci 2.5, 256GB ya ishe ki in dai ba fina-finai kike tarawa ba, ki ƙara RAM ya zama 8GB. Wlh za ki ɗauka wata aka canza miki.

Mai Lissafi:
Ni kam ban yarda ba, kuma ba don ina raina ilimin Malam Ɗan Gyara ba. Wannan firosesa na 2013 ne fa, zubi na 4. Windows 10 Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma galibi daga zubi na 8 na Intel yake karɓa, ga sharaɗin TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da dole kwamfutar ta kasance da shi. To yau ta sayi SSD, gobe RAM, jibi batir, wata mai zuwa caja ta mutu ko maƙalar murfi ta karye, in ka haɗa duka ta kama hanyar kuɗin wata ta hannu mai zubi na 8 wadda za ta yi mata shekaru. Na ga mutane da yawa suna zuba kuɗi a tsohon abu da sunan tattali, a ƙarshe sun biya sau biyu. Bashin nan dai kar ta kusance shi, a nan mun haɗu, amma ta daure wata uku ko huɗu ta tara ta sayi ta hannu mai kyau.

Ɗan Gyara:
Maganarka akwai gaskiya ɗan'uwa amma ka manta abu ɗaya, wata ukun da za ta yi tana tarawa da me za ta yi aikin da zai kawo kuɗin? Kullum tana asarar lokaci tana kallon allo. Sannan SSD ba ya mutuwa tare da laftof, ranar da ta canza sai ta zare shi, ko ta sa a sabuwar in tana da gurbinsa, ko ta sa shi a ɗan gida na USB ya zama ma'ajiyarta ta waje. RAM ɗin ne kawai ba zai bi ta ba, shi kuma tsohon yayi ne, na hannu ma ya isa. Batir ban ce ta saya yanzu ba, tunda a gida take aiki.

Anti Tattali:
Ku bar ni in sa baki a maganar biya kaɗan-kaɗan ɗin nan don ni ta taɓa ci na. Lokacin da na fara karɓar albashi na ɗauki waya haka, wata na farko da na biyu ban ji komai ba, daga na biyar ne na gane cewa albashin nan kafin ya shigo an riga an yanke masa kai, ranar da wata larura ta taso ba ni da abin taɓawa. Wayar kuma kafin in gama biya sikirin ya fashe, ina biyan kuɗin abin da ya riga ya lalace. Ƙanwata aikinki wata biyu ne kawai, ba ki ma san ko zai ɗore ba, Allah ya sa ya ɗore, amma kar ki ɗaura wa kanki igiyar shekara guda a kan abin da bai gama tsayuwa ba. Ni yanzu dokata duk abin da raina ya biya a intanet sai in sa shi a kwandon saye in rufe, in bayan kwana uku har yanzu ina jin buƙatarsa sai in koma, kuma gsky mafi yawansu ko tunawa ba na yi.

Auta:
Amin Anti, ngd sosai, maganarki ta shige ni. To Yaya Ɗan Gyara na shiga dubawa yanzu na ga wani SSD 2TB da arahar da ta fi ta 256GB ɗin da ka ce, kuma taurari biyar ne duk masu sharhi suna yabo. Ba gara shi ba?

Shiru-shiru:
A'a a'a don Allah kar ki taɓa shi! Ban cika magana a nan ba amma wannan dole in yi. Irinsa na saya bara, na waje mai USB, an rubuta 2TB, na jona kwamfuta ta nuna 2TB cif, na yi ta murna na kwashe hotuna da bidiyon shekaru na zuba a ciki har na goge wasu daga waya. Bayan sati biyu na zo buɗewa, sunayen fayiloli suna nan lafiya lau amma in ka danna ba komai, wasu hotunan rabi launin toka. Da na ɓalle gidan sai na tarar da ɗan ƙaramin katin memori a manne da gam, da wani guntun ƙarfe da aka sa don ya yi nauyi a hannu. Abin da suke yi shi ne su sauya bayanin da ke cikin na'urar ta riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girma, in ainihin wurin ya cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza, kai kuma ba ka sani ba. Hotunan mahaifiyata da ke ciki har yau ban samu madadinsu ba. Masu taurari biyar ɗin nan sun jona ne sun ga 2TB sun yi sharhi a ranar, ba su dawo sun faɗi abin da ya biyo baya ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Allah sarki, Allah ya musanya da alheri Yaya. Don haka ne duk filasha ko kati ko SSD da na saya kafin in sa ko fayil ɗaya sai na gwada shi da H2testw, kyauta ce, tana cika shi taf da bayanai sannan ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar. A Linux, wato tsarin da ake sawa a madadin Windows, kuma akwai F3, aikinsu ɗaya. Yana ɗaukar awanni in abin babba ne, sai ki bar shi ya kwana yana yi, amma gara haka tun lokacin mayarwa bai wuce ba. In kuma na hannu ne ki sa CrystalDiskInfo, zai nuna miki awa nawa faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa kashi nawa ta rage, mai sayarwa zai iya cewa sabo ne fil amma faifan da kansa yana riƙe da lissafinsa.

Ɗan Gyara:
Araha ba ta ado ƙanwata, ki tsaya kan sunayen da aka sani, Crucial ko Samsung ko Kingston ko WD, kuma daga wajen da za su karɓa in ya ba da matsala, don su ma ana yin jabunsu. Sai maganar RAM, nan mutane suke yawan kuskure. Taki DDR3L take ci mai 1.35V, ba DDR3 zalla mai 1.5V ba, kamanninsu ɗaya kuma duk za su shiga gurbin, amma in kika sa na 1.5V tana iya ƙin tashi sam. Ki duba takardar da ke manne a jikinsa, ki ga an rubuta PC3L, da L ɗin nan, misali PC3L-12800S. DDR4 kuwa ba zai ma shiga ba, tsagar ba wuri ɗaya take ba. Kuma kafin ki biya ki buɗe ki gani da idonki ko akwai gurbi na biyu a sarari, don wasu siraran guda ɗaya ne, wasu ma an liƙe RAM ɗin a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar.

Auta:
In buɗe da kaina?? Yaya ban taɓa kwance ko rimot ba fa, tsoro nake kar in ƙarasa ta.

Ɗalibar Kimiyya:
Za ki iya wlh, ni ma da tsoron na fara. Ki fara neman lambar samfurin a ƙasan laftof ɗin, ki sa a YouTube ko iFixit ki kalli yadda ake buɗe irin taki sak, sau biyu ko uku kafin ki taɓa sukudireba. Ki kwashe muhimman fayilolinki tukuna. Ki kashe ta gaba ɗaya, ki zare caja, ki cire batir, ki danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Dabarar da ta fi taimaka min ita ce in zana hoton ƙasan laftof ɗin a farar takarda, duk sukurun da na cire sai in manna shi da salatif a daidai inda yake a zanen, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, in kika sa dogo a gurbin gajere zai iya huda wani abu ta ciki. Wajen ɓalle murfi kar ki sa wuƙa, tsohon katin roba ya isa, ki bi gefe a hankali za ki ji yana ƙas ƙas, in wani wuri ya ƙi kar ki ja da ƙarfi, akwai sukurun da kika manta, wani lokaci a ƙarƙashin ƙafar roba yake ɓoye. Ki riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki.

Ɗan Gyara:
Tunda za ki buɗe ki duba fanka ma. Tsakanin fanka da ƙarafan da iska ke bi ta fita za ki tarar ƙura ta dunƙule ta zama kamar tsumma, ita ce ta toshe hanya shi ya sa take kuka da zafi. Ki cire ta da ɗan buroshi, in za ki hura iska ki riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ma bayan shekara goma ya bushe ya zama kamar alli, ana goge shi da sinadarin isopropyl a sa sabo ɗan ɗigo kaɗan a tsakiya, amma wannan in gabanki na faɗuwa ki bar shi sai karo na biyu, ƙurar kaɗai za ta kawo sauƙi.

Mai Lissafi:
To na ji duk wannan, amma har yanzu ba wanda ya amsa min maganar Windows. Aikinta bayanan mutane take riƙewa, ta zauna kan abin da ba ya samun gyaran tsaro?

Ɗalibar Kimiyya:
Akwai ƙarin wa'adi da Microsoft ta bayar na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga masu Windows 10 22H2 da suka yi rajista, amma ni shawarata ta gwada Linux Mint a madadin Windows. Mint 22 yana da tallafi har 2029, kyauta ne, kuma a 8GB da SSD gudu zai yi. Abin daɗin ma ba sai ta goge komai ba, ta sa shi a filasha da manhajar Rufus ko Ventoy ta tayar da laftof ɗin daga filashar, ta gwada wayafai da sauti da kibod, in bai yi mata ba ta zare shi kenan.

Mai Lissafi:
Ku masu Linux kullum haka kuke cewa. In wanda take wa aiki ya turo fayil ɗin Excel mai tarin dabaru a ciki ya buɗe a LibreOffice, madadin Word da Excel da ke zuwa da Mint, ya hargitse fa? Ko ya ce sai wata manhaja da Windows kaɗai take yi? Ni na gwada wata shida na dawo, ba don ba shi da kyau ba, don aikina bai yarda ba. Kuma masu cewa a tsallake sharaɗin TPM da Rufus a sa Windows 11 da ƙarfi, yana yiwuwa, amma Microsoft da kanta ta ce irin waɗannan ba ta yi musu alkawarin sabuntawa ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Wannan gaskiya ne ban musa ba, wanda aikinsa Photoshop ne ko Excel mai nauyi ba zan ce ya koma ba. Shi ya sa na ce ta gwada da ainihin fayilolin aikinta, ba da nawa ko naka ba.

Auta:
Yawancin aikin a burawza nake yi, Google Docs da Sheets, sai jefi-jefi Word. Zan gwada in gani.

Shiru-shiru:
Game da batir, ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport zai fitar miki da rahoto, ki kwatanta ƙarfinsa na asali da abin da yake iya ɗauka yanzu. Kuma ki duba ko ya kumbura, in kika ga wajen taɓawa na linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki to ki daina caji nan take, kar ki matsa shi kar ki huda shi, batirin lithium in ya kama wuta ba wasa ba ne, kuma ba a jefa shi a shara.

Anti Tattali:
Tunda ana maganar batir ni ma a taimaka min, fawabank ɗina an rubuta 20,000mAh, wayata 5,000mAh, a lissafina sau 4 ya kamata ya cika ta amma da kyar yake yin 3. Jabu aka sayar min?

Ɗan Gyara:
A'a Anti, naki ma mai gaskiya ne. 20,000 ɗin a kan 3.7V na ƙwayoyin ciki aka auna, wato 74Wh. Kafin ya fita sai an ɗaga shi zuwa 5V ko sama, wayar kuma ta sake sauke shi, kowane mataki ana asarar wani abu ya tafi a zafi, ga shi ana caji kina latsawa. Sau biyu da rabi zuwa uku daidai ne. Wanda za ki guda shi ne ɗan ƙarami mara nauyi da aka rubuta masa 50,000. Haka ƙwayar batir 18650, irin wadda ake sawa a cikin wasu fawabank, masu kyau a wajen 3,500mAh suke tsayawa, duk wanda kika ga an buga masa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta.

Auta:
Jama'a na dawo, kwana tara kenan. Alhamdulillah na yi da hannuna! Sukuru 11 ne, guda ɗaya a ƙarƙashin takardar da aka manna a tsakiya, na kusa minti 20 ina neman dalilin da murfin ya ƙi buɗewa sai na tuna maganar Yaya Ɗalibar Kimiyya na bi da yatsa na ji ramin. Hannuna rawa yake yi lokacin da zan zare igiyar faifan amma ta fita lafiya. Ƙurar da na ciro daga fanka kuwa dunƙule guda ce baƙa ƙirin, na ɗaga ta gaba ɗaya kamar auduga. Gurbin RAM biyu ne ɗaya a sarari, na sa PC3L na ji ya yi ƙas. SSD ɗin na gwada shi tukuna kamar yadda kuka ce, ya fito lafiya. Na sa Mint, yanzu daga danna maɓalli zuwa buɗe burawza daƙiƙa 20 ba ta cika ba, fanka kuma sai na kara kunne nake jin ta. Batir rahoton ya nuna saura kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa amma bai kumbura ba, na bar shi tukuna. Matsala ɗaya ce, wata takardar Word da aka turo min layukanta sun ɗan goce a LibreOffice, sai na buɗe ta a Word na burawza ta zauna daidai.

Mai Lissafi:
Ma sha Allah, na taya ki murna ƙanwata, kuma na yarda ta fi yadda na zata. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, kuɗin da kika yi niyyar biya duk wata ɗin nan ki riƙa ware ko rabinsa ne gefe, don maƙalar murfi da bod ba sa sanarwa. Ranar da za ki sayi ta hannu ki tabbata zubi na 8 ko sama, ki shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gaban mai sayarwa ki ga ba a kulle shi da fasawod ba, ki gwada kowane maɓalli da kowace kafar USB.

Ɗan Gyara:
Sannu da ƙoƙari. Tsohon HDD ɗin kar ki goge shi yanzu, ki ajiye shi wata guda cur har ki tabbata ba abin da kika manta a ciki.

Auta:
Na ware Yaya Mai Lissafi, tun albashin nan na fara. HDD ɗin kuma na sa shi a gidan USB yana cikin durowa, jiya ma na koma na ɗauko takardun makaranta da na manta. Yanzu ƙanwar ƙawata ta kawo min tata, i3 ce ita ma Disk 100%, ta ce in duba mata ranar Asabar. Yaya Ɗan Gyara tata ba ta da batirin da ake cirewa ta waje, a ciki yake, igiyarsa zan fara zarewa daga bod kafin in taɓa komai ko?

Ɗan Gyara:
Eh ita za ki fara zarewa, da farce ko roba ba da ƙarfe ba, ki kama kan filogin ki ja shi miƙe, kar ki ja wayoyin. Ki turo lambar samfurin tukuna mu duba wane RAM take ci.